Daminar da Kurkunu Ya Kwantar da Gidanmu

Yau kwana huɗu ke nan ana marka, rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Ni kuwa tun ina yaro zama wuri ɗaya ke ci mini rai, tsufa bai rage mini komai ba sai ƙarfin tashi. Daga bakin zaurena ina hango ɗakin shan maganin da aka gina mana shekarun baya, da rufin kwano da fenti da allo. A kulle yake. Yarinyar da aka turo mana ba ta yi wata shida ba ta koma birni, ban kuma ga laifinta ba, wa zai so zama inda ba gidan kwana, ba abokin aiki, hanya kuma sai addu'a? Yanzu wani malami ne ke zuwa a kan babur ranar da ya samu sarari, shi kaɗai ga ƙauyukan da ban san adadinsu ba. Tun hantsi mata uku ke zaune a barandar da goyo, duk babur ɗin da ya yi ƙara sai su miƙa wuya tare. Na san irin wannan jira. Na yi shi ina kwance a kan tabarma, shekara huɗu ko biyar kafin a ba da mulkin kai, sai dai ni ƙararrawar keke nake saurare.

Ƙauyenmu a ƙasar Faskari yake, nesa da hanyar mota, a lokacin bai wuce gida goma sha biyar ba. Ina da shekara ashirin ko kusa da haka, an yi mini aure da rani, kuma a shekarar ne Baba ya yanka mini gayauna, 'yar gonata ta kaina a gefen gandun gida. Tun kafin ruwa ya sauka nake zuwa ina zagaya ta, ina tsince duwatsun da ba su tare wa kowa hanya ba, har kakata Iya ta ce in dai zagaye ne noma, to bana ni zan ciyar da garin.

Sunana Idi, ni ne ɗan fari a wurin Baba. Sai na tsaya na yi bayani a nan, don 'ya'yan yanzu uba ke ɗaukar ɗansa na fari a kafaɗa ya zaga da shi kasuwa. A zamaninmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. In Baba zai aike ni, sai ya dubi bango ya ce, "A kai jaki rafi." Ni kuma in tashi in kai. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Mai magana a kaina ƙanensa ne, Baba Garba, shi ya kai ni makarantar allo, shi ya nema mini aure, har mutane suna ce mini Idin Malam Garba. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami. Mai shagwaɓa ni kuwa Iya ce, wadda ke ce mini mijinta, tana ƙorafin na yi mata rowar goro.

Ruwan shuka ya zo da wuri a shekarar. Da rana zafi ya yi zafi har kaji suna buɗe baki a gindin rumbu, da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanyar mata, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Washegari kowa ya fita. Maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shiga har cikin ƙirji. Muka shuka gero, muka bi da dawa, muka bar fili saboda auduga. Abin da ba ma faɗa wa juna shi ne rumbu ya yi ƙasa. Kakar bara ba ta yi albarka ba, tun kafin shuka Iya ta karɓe ƙwaryar awo daga hannun matan gida, ita ke ɗiba da kanta. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne tsararo, da rana kwaɗon tafasa ko na rama, ka ci ka kora da ruwa ka ƙara ɗaure mazagin wando. Wannan duk ba baƙon abu ba ne, kowace damina da tata yunwar. Abin da ake roƙo kawai ƙafa biyu da hannu biyu su kai mutum lokacin da sabon gero zai nuna.

Ana cikin noman farko kurkunu ya sauka. Yanzu ya zama labari, jikokina ba su taɓa ganinsa ba, in na ba su labarinsa sai su ce Alhaji ya fara ƙari. Wata tsutsa ce fara, siririya kamar zaren saƙa, doguwa, da ke zaune cikin naman mutum. Ba mu san daga ruwan tafkin da muke sha take shiga ba, mun ɗauka kowa da nasa a jiki, damina ce ke tashinsa. Yakan fara da ƙurji mai zafin wuta, ƙurjin ya fashe, sai ka ga kan abin ya leƙo. Kowace shekara yakan kwantar da mutum biyu ko uku a gari. A wannan shekarar gida-gida ya bi. Ya kama Baba Garba a ƙafa biyu, ko bayan gida sai da rarrafe. Ya kama ƙannena biyu. Ni kuma ya fito mini a gefen gwiwar dama, ranar da na yi niyyar shiga gayaunata da fartanya.

Maganinsa ɗaya ne, haƙuri, abin da Allah bai ba ni da yawa ba. Kowace safiya Iya takan zo da ƙwaryar ruwa da ɗan tsinke. Ta jiƙa wurin, ta jira tsutsar ta saki jiki, ta naɗe abin da ya fito a jikin tsinken, bai fi tsawon gaɓar yatsa ba, da ta ji ya yi tauri sai ta tsaya ta ɗaure da tsumma. Wani lokaci sai a yi wata guda ana haka.

"Iya, ki ƙara ja mana. Ai yana zuwa."

"Sauri ya haihi nawa, mijina. Wanga abu in ya tsinke ciki, kai da noma sai dai labari. Ka ji ni?"

Na ji ta. Amma ina kwance ina jin ƙarar fartanya ɗaya tak daga gandu, ta Baba, tun asuba har azahar. Gona ta mutum biyar, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gayya ba ta yiwuwa, wa za ka kira alhali kowa na kwance, me kuma za ka dafa musu? Matan Maguzawan da ke maƙwabtaka da mu sun zo sun yi mana rabin yini don zumunci, suka koma ga nasu majinyatan. Matata Hansai da Iya suka shiga gona su ma. Gidan yakan yi tsit da hantsi, ba ka jin komai sai nishin Baba Garba da ƙudaje. Na ƙirga azarar ɗakina har na haddace wadda gara ta ci. In juya dama, in juya hagu, in zauna, in kwanta, ruwa yana ta zuba, kuma na san kowane ɗigo ciyawa yake ciyarwa.

Rana ta tara aka wayi gari sama ta washe. Na faki ido, na dogara sanda, na ja ƙafa har bakin gayauna. Da ban je ba. Ciyawar harƙiya ta rufe ta ruf, geron ya yi rawaya, siriri, sai ka duƙa kafin ka gane layi. Na tsaya ina kallo har hawaye ya zo mini, na takaici ba na ciwo ba. Na koma ɗaki na kwance tsumman. Na ce a raina tsohuwa ce, tsoro ya yi mata yawa, in na yi a hankali yau zan rabu da shi, jibi ina gona. Na naɗa sau ɗaya, ya biyo. Na naɗa na biyu, ya biyo. A na huɗu na ji ya yi tauri, na ƙara ɗan ƙarfi. Sai na ji ɗas. Tsinken ya zo hannuna da guntun farin zare, sauran ya koma ciki ina kallo.

Da Iya ta dawo ta ga tsinken a ƙasa, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma yi mini wasan da ta saba ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta daɗe. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan komai.

Cikin kwana uku gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu, fatar tana sheƙi. Zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar sanyi cikin zufa. Aka kira wanzami ya yi mini sakiya, wato ya gasa ƙarfe a wuta ya huda kumburin, mutum uku suka danne ni. Mugunya ta fita, amma washegari wurin ya sake cika, har ya fara wari. Hansai tana kore ƙudaje da mafici tana kau da kai don kada in ga idonta. Baba bai shiga ɗakin ba ko sau ɗaya. Amma kullum kafin ya tafi gona ina ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin asabari, ya tsaya jim, ya ce wa Iya, "An kwana lahiya a nan?" Ita kuma ta ce, "Shiga ka gani mana, ko ƙofar ta yi maka kaɗan?" Sai ƙafafun su juya su tafi.

A lokacin malamin asibiti ɗaya muka sani, Malam Haruna. Dogo ne, siriri, yana yawo a kan keke da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Yadda muke ji, tun daga wajen Kankara har Faskari har ƙasan Sabuwa, in an bar ɗakin shan maganinsa, shi ne dai. Da rani mukan gan shi sau biyu ko uku. Da damina kuwa, lokacin da aka fi bukatarsa, sai wanda ya yi sa'a. Yana da wata allura da aka ce in gyambo ya ruɓe ita ke tsayar da shi. Wani mai tallar gishiri ya kawo labarin an ga Malam Haruna a kasuwar Yankara, kuma ta wajenmu zai bi ya gangara kudu. Daga ranar kunnena ya koma bakin hanya. Tsuntsu ya yi kuka in ce keke ne. Muciya ta bugi tukunya in ɗaga kai. Na dami Hansai da aike, je ki leƙa, dawo, sake leƙawa, har ta ce ƙafarta ita ma ta kusa kumbura. Kwana uku muna haka.

Ranar da ya zo, Iya ta tafi daji ɗibar tafasa don ba abin da za a sa a baki da yamma. Bayan azahar ne, gabas ta fara haɗa hadari. Na ji ƙararrawar tun daga nesa, wannan karon ba kunnena ba ne. Na ji yara suna gudu, na ji hayaniya ta taru a ƙofar gidan mai unguwa. Na ce wa Hansai ta share ɗakin, ta wanke mini ƙafar, ta ɗauko rigar aurena ta sa mini, kada baƙo ya same ni cikin tsumma. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Na jingina da bango ina jira. Can na ji kukan sarkar keke tana matsowa, da takun mutane. Suka iso daidai darninmu, har ina jin muryar Malam Haruna yana cewa a yi sauri. Suka wuce. Suka tsaya a gidan Tanko maƙwabcinmu. Na ji yaron gidan ya tsala ihun allura. Ba a daɗe ba na ji ƙararrawar tana nisa, tana nisa, sannan ruwa ya sauko ya rufe komai.

Abin da ya faru a ƙofar mai unguwa daga baya na ji shi, a bakin mutum ya fi goma, kuma duk bakinsu ɗaya. Malam Haruna ya kafa kekensa a gindin tsamiya, mutane suka yi masa caa. Ya wanke gyambo, ya ɗiga magani a ido, ya raba ƙwayoyi, yana yi yana duban sama. Sai ya ce dole ya haye rafi kafin ruwa ya sauko, ana jiransa a gaba, kuma allurar da ta rage masa ta mutum ɗaya ce sai ya isa wajen Sabuwa inda za a tarye shi da wata.

"Cikin waɗanda ba su iya hitowa, wa ya hi jin jiki? Gida guda zan shiga."

Mai unguwa ya dubi Baba, don shi ne babba cikin waɗanda ke tsaye da ƙafafunsu. Ba wanda bai san amsar ba a wurin. Warin ƙafata har hanya ake jin sa.

Baba ya ce, "Akwai yaron Tanko, Malam. Ƙahwarshi ta kumbura."

A ganinsa ba wauta ya yi ba, kara ya yi. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Kai ka ambaci ɗan wani, shi kuma ya ce a'a, naka ya fi jin jiki, jama'a su sa baki, a je inda ya kamata ba tare da uba ya buɗe baki ya roƙa wa ɗansa na fari ba. An yi haka a rabon nama, an yi a rabon gona, bai taɓa ɓaci ba. Wanda ya kamata ya yi maganata Baba Garba ne, yana kwance. Tanko kuwa yana tsaye a wurin. Yaron autansa ne, shi ma kwana da kwanaki yana kuka, ko da yake nasa kurkunun bai tsinke ba. Tanko ya dubi ƙasa. Mutane suna jiran ya yi magana, shi kuma yana jiran a wuce wurin. Malam Haruna baƙo ne, bai san wane ne ɗan farin wa ba, bai san wa ke jin kunyar wa ba, ga hadari a kansa. Da a cikinmu yake zaune, da ko tambayar ba zai yi ba. Ya rufe akwati ya ce a nuna masa gidan.

Iya ta dawo jiƙe sharkaf da ƙwaryar ganye a ka. Tun a hanya aka gaya mata. Ta dire ƙwaryar a tsakar gida, ta tsaya a kan Baba yana wanke laka a ƙafa.

"Mamman, mi ka ce ma malamin?"

"Iya, ai kin san yadda ake yi."

"Ban sani ba, gaya mani. Kara ka yi da ƙahwar yaro?"

"Na zaci Tanko zai hwaɗi."

"Tanko nashi ɗan na kwance, kai ka miƙa mashi, shi ƙi amsa? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Mamman. In yaron ga ya rasa ƙahwa, kunyar ce za ta riƙe maka galma baɗi?"

Ina jin su daga ɗaki, da rigar aure a jikina. Ba zan ɓoye ba, a wannan yammacin na tsane shi. Na tsani Tanko, na tsani keken, na tsani kaina da na ja tsinken, amma shi na fi tsana. Na tuɓe rigar na yi jifa da ita bayan randa.

Washegari ana idar da sallar asuba na ji an tsayar da jaki a ƙofar ɗakina. Muryar Baba ta ce wa Iya, "A hito da shi." Aka shimfiɗa buhu da tsummoki a bayan jakin, aka ɗaure mini ƙafar a jikin sanda don kada ta motsa, aka ɗora ni. Gandu ko rabi ba a nome ba, kuma kowa ya san abin da barinsa a wannan makon ke nufi ga rumbun baɗi. Iya ta cusa mini ɗan ƙullin garin gero a hannu, na san daga rabonta ta cire. Muka kama hanyar kudu.

Ba mu bukaci tambaya ba, sawun keken yana nan a cikin laka. Wani wuri layi ɗaya siriri, wani wuri da sawun takalmi a gefe inda ya sauka ya tura, wani wuri kuma layin ya ɓace sai takalmi kaɗai ya nutse zurfi, nan ya saɓa keken da akwatin a kafaɗa ke nan. Tun ina jin haushin mutumin har na fara jin tausayinsa. Duk takun da jakin ya yi sai na ji shi a ƙwaƙwalwata. Rana ta fito, ƙasa tana tururi, ƙudaje suka biyo mu kamar mun ɗauko nama. Baba yana gaba riƙe da igiya, bai waiwayo ba. In ya ga inuwa sai ya tsaya ya ce wa jakin, "Ka gaji ko? A sha ruwa." Sai ya ajiye gorar a inda hannuna zai kai, ya juya baya har in gama sha.

A ƙauyen farko aka ce Malam Haruna ya tashi da hantsi. Na biyu aka ce yanzun nan ya wuce, da kun yi sauri da kun same shi. Na so in yi kuka, na so in sauka in yi gudu. Wata Bafulatana ta dube ni ta girgiza kai, ta ba mu nono a ƙoƙo, na dama garin Iya a ciki, na sha rabi na ajiye rabi a kan dutse. Baba ya ɗauka ya sha ba tare da ya dubi inda nake ba. Muka kwana a zauren wani malami. Gari ya waye zazzaɓin ya ƙaru, ina ganin itatuwa biyu-biyu.

Wajen hantsi muka iso wani rafi da ya cika ya batse, ruwan ja, yana tafe da karare da rassan itace. A tsallake ana jin hayaniyar kasuwa, aka ce mana Malam Haruna yana can, kuma da la'asar zai tashi. Jakin ya kafe ƙafafu a bakin ruwa. Baba ya ja, ya lallasa, ya buga, ko motsi. Ya tsaya yana duban ruwan, yana duban rana. Sannan ya ɗaure jakin a jikin wata kanya, ya naɗe riga, ya zo ya duƙa a gabana ya ba ni baya. Na daɗe ban gane abin da yake nufi ba.

Tun da aka haife ni jikina bai taɓa taɓa nasa ba, iyakar sanina. Na ɗauka ƙaton mutum ne. Ashe bayansa ɗan kaɗan ne, duk ƙashi, yunwar daminar ta cinye shi fiye da kowa a gidan ba mu lura ba. Yana warin hayaƙi da zufa. Ruwan ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana tafiya yana lalube da ƙafa, hannunsa ɗaya ya tallabe sandar da aka ɗaure mini ƙafa ya ɗaga ta sama don kada ruwa ya taɓa ciwon. Sau biyu muka yi tangaɗi. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, yana ambaton Allah a hankali. Da muka haye bai sauke ni ba. Haka ya shiga kasuwar da ni, magidanci mai mata a goye a bayan tsoho, mutane suna darewa suna kallo.

Malam Haruna yana ƙarƙashin wata rumfa, an riga an tarye shi da sabon magani, yana tafasa allura a ɗan tukunya, layin mutane har bayan rumfar mahauta. Idanunsa sun yi ja, laka har cinyar wandonsa. Da aka kwance tsumman ya ga gwiwar, sai ya ce kowa ya dakata. Ya tsaga, ya matse, ya wanke da wani ruwa mai launin shuni, ya yi mini allurar. Abin da na ji a lokacin ba na son tuna shi. Da ya gama ya share hannu, ya ce za mu zauna kwana uku a garin, zai bar wa wani allura ya riƙa yi mini.

"Rai dai in Allah ya so mun samu, ƙahwar ma ba za a yanke ba. Amma ciwon ya shiga cikin gaɓa. Gwiwar ga ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba." Ya ɗago ya dubi Baba, ya ƙara dubansa. "Baba, ba kai ne shekaranjiya ka nuna mani gidan wani yaro ba?"

"Ni ne."

"Kuma wanga yana garin a lokacin?"

"Yana nan."

"Ban ce da na gan shi ran nan da ta miƙe ba, Allah ne masani. Amma kwana biyun ga ba su yi mata daɗi ba. Mi ya hana a hwaɗa mani? Ɗan wa ne?"

Baba yana tsugune, ruwan rafi yana ɗiga daga rigarsa. Mutanen layin duk suna saurare. Duk da haushin da nake ji, sai na ji ba zan iya barinsa a haka ba, na buɗe baki zan ce Idin Malam Garba ne, kamar yadda aka saba. Ya riga ni.

"Nawa ne," ya ce. Ya ɗaga murya, ya sake faɗa yadda kowa zai ji. "Nawa ne, Malam. Shi ne na hwari."

Malam Haruna bai ƙara tambaya ba. Shi ma ɗan wani ne, ya gane. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe mini ƙafar. Wani dattijo a cikin layin ya ce Allah shi ba da lafiya, sauran suka amsa, kowa ya kau da ido daga kan Baba don a bar shi da abin da ya rage masa.

Gwiwar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ban ƙara riƙe galma ba, sallah ma a zaune nake yin ta shekara sittin da wani abu. Na koma ɗinkin hula, ni da ba na iya zama. Na yi shekaru ina auna laifin, nawa da na ja tsinke, na Tanko da ya dubi ƙasa, na Baba, na ƙasar da ta bar mutum ɗaya da keke ya ɗauki ciwon gari ɗari, har na gaji na bari. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a cikin rumfar nan, an gama gaya mini ƙafata ta tafi, ni kuwa daɗi nake ji. Daɗi sosai, irin wanda har yau nake jin nauyin faɗinsa. Ya ce nawa ne, a gaban kasuwa guda. Bai ƙara faɗa ba har ya koma ga Allah.